Me Ke Ƙarƙashin Ƙafafunmu? Tambayoyi da Amsoshi Kan Cikin Duniya

Daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya akwai tazarar kilomita kusan 6,371. Ramin da ya fi kowanne zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa bai wuce kilomita 12 da ɗoriya ba. Duk da haka masana ilimin ƙasa na iya faɗa maka inda dutse ya ƙare ƙarfe ya soma, da inda ƙarfen yake a narke da inda ya daskare. Mai karatu yana da hakkin ya ce, "Yaya aka yi suka sani?" Saboda haka amsoshin nan sun fi ba da ƙarfi kan hujja fiye da jera sunaye.

Hawa nawa ne cikin duniya?

Idan aka duba abin da aka yi kowane sashe da shi, hawa uku ne: ɓawo, mantil da ƙwaya. Ƙwayar kuma ta rabu biyu, ta waje da ta ciki, shi ya sa littattafan makaranta suke cewa huɗu.

Ɓawo shi ne wanda muke takawa. Mantil yana farawa daga ƙarƙashin ɓawo ya nutsa har zurfin kilomita kusan 2,890, kuma shi kaɗai ya cinye kashi 84 cikin 100 na girman duniya. Ƙwaya ta waje narkakken ƙarfe ce, daga kilomita 2,890 zuwa kusan 5,150. Daga nan har tsakiya ƙwaya ta ciki ce, dunƙulen ƙarfe daskararre, wanda daga tsakiyarsa zuwa gefensa ya kai kilomita 1,220. Ƙwayar gaba ɗayanta ta ɗan fi duniyar Mars girma, kuma kashi ɗaya cikin uku na nauyin duniya a cikinta yake.

Tunda ba wanda ya taɓa zuwa can, ta yaya aka sani?

Girgizar ƙasa ce ta tona asirin. Duk lokacin da aka yi babbar girgiza, motsinta yana ratsa cikin duniya ta kowace fuska, na'urorin auna girgiza da ke warwatse a nahiyoyi kuma suna rubuta lokacin da ya iso gare su da irin ƙarfin da ya zo da shi.

Wannan motsi da ke ratsa ciki shi ake kira igiyoyin girgiza, kuma iri biyu ne. Akwai igiyar P, wadda take tafiya ta hanyar matsawa da sakewa kamar yadda sauti ke yi. Ita ce mai sauri, ita ke fara isowa, kuma tana bi ta cikin dutse da ruwa da iska ba tare da wani ya tare ta ba. Akwai kuma igiyar S, wadda take karkaɗa abu gefe da gefe. Wannan ba ta iya ratsa abin da yake a narke, domin ruwa ba shi da taurin da zai riƙe karkaɗar ya miƙa ta gaba. A kan wannan ɗan bambanci aka gina kusan duk abin da aka sani game da ƙwayar duniya.

Ga yadda abin yake. Idan aka auna tazara a kan da'irar duniya daga inda girgiza ta auku, tashoshin da suka wuce digiri 104 ba sa samun igiyar S da ta zo kai tsaye. Ta ɓace. Wani abu a can ciki ya haɗiye ta, kuma abin da ke haɗiye igiyar S narkakken abu ne. Ita kuwa igiyar P tana wucewa, amma da ta shiga ƙwaya sai gudunta ya faɗi daga kusan kilomita 13.7 a daƙiƙa zuwa 8, ta lanƙwashe, ta bar wata inuwa tsakanin digiri 104 da 140 inda ba a jin ta sosai. Faɗin wannan inuwa shi ya ba da girman ƙwayar. Igiyar P da ta ratsa ta tsakiya sak tana ɗaukar minti 20 kafin ta fito ta ɗaya gefen duniya.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, hujjar ba ta tsaya kan girgiza guda ko masani guda ba. Dubban girgize-girgize ne, a shekaru fiye da 100, daga tashoshin ƙasashen da wasunsu ba sa ga maciji da juna, amma lissafin yana fitowa iri ɗaya.

Su wa suka gano iyakokin da ke tsakanin hawa-hawan?

A 1906 Richard Oldham, masani ɗan Birtaniya, ya lura cewa igiyoyin da suka bi ta can ƙasa suna makara, ya ce lallai akwai ƙwaya a tsakiya. A watan Oktoban 1909 aka yi girgiza a kwarin kogin Kupa, kusa da Zagreb a Kuroshiya. Andrija Mohorovicic ya tattara bayanan tashoshi ya ga cewa wasu suna samun igiyar P sau biyu: ɗaya ta bi ta sama a hankali, ɗaya ta nutsa ta bi ta cikin dutsen da ya fi sauri ta riga ta isowa. Iyakar da ya gano tsakanin ɓawo da mantil har yau da sunansa ake kiran ta, Moho. Bayan 'yan shekaru Beno Gutenberg ɗan Jamus ya ƙiyasta zurfin ƙwaya da kilomita 2,900, adadin da har yanzu bai kauce ba sai da ɗan kaɗan. A 1926 Harold Jeffreys ya kafa hujjar cewa ƙwayar a narke take.

Sai Inge Lehmann 'yar ƙasar Denmak. Tana nazarin bayanan girgizar da aka yi a Niyu Zilan a 1929, sai ta ga raunanan igiyoyin P suna bayyana a cikin inuwar da bai kamata a ji komai ba. Ana iya cewa kuskuren na'ura ne a wuce. Ba ta wuce ba. A 1936 ta bayyana cewa akwai wata ƙwaya a cikin ƙwaya, wadda igiyoyin suke bugawa su dawo. Tabbacin cewa wannan ƙwaya ta ciki daskararriya ce ya zo a 1971, daga nazarin yadda duniya gaba ɗaya take kaɗawa na tsawon kwanaki bayan manyan girgize-girgize.

Kaurin ɓawon duniya ɗaya ne a ko'ina?

A'a. Ɓawo iri biyu ne. Na ƙarƙashin teku siriri ne, kilomita 5 zuwa 10, baƙin dutse ne mai nauyi da ake kira basal. Na nahiyoyi ya fi kauri, yawanci kilomita 30 zuwa 50, yana kaiwa 70 a ƙarƙashin tsaunukan Himalaya da tudun Tibet, kuma dutsensa irin giranit ne, wanda bai kai basal nauyi ba. Wannan rashin nauyi ne ya sa nahiyoyi suka tsaya a sama, ruwa kuma ya taru a inda ɓawo ya fi nutsewa.

Shekarunsu ma ba ɗaya ba ne. Ƙasan manyan tekuna da ƙyar yake wuce shekara miliyan 200, domin kullum ana ƙirƙirar sabo a tsakiyar teku, tsohon kuma yana komawa cikin mantil. Nahiyoyi ba sa nutsewa haka. A arewacin Kanada akwai duwatsu masu shekara biliyan 4, a yammacin Ostireliya kuma an samu ƙananan ƙwayoyin ma'adinin zirkon masu shekara biliyan 4.4, alhali ita kanta duniyar shekararta biliyan 4.54.

Gaskiya ne ƙarƙashin ɓawo tekun narkakken dutse ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawo a bakin mutane. Zanen da ake yi wa mantil da jan launi a littattafai yana da hannu a ciki. Mantil daskararren dutse ne tun daga samansa har ƙasansa. Hujjar a fili take: igiyar S tana ratsa shi tas, da a narke yake da ba ta wuce ba.

Zafinsa dai ba wasa ba ne, yana tashi daga wajen digiri 1,000 na Salshiyas a sama zuwa kusan 4,000 a inda ya haɗu da ƙwaya. Da a sarari dutsen yake da tuni ya narke. Abin da ya hana shi matsi ne. Nauyin duk abin da ke sama yana danne shi, kuma gwargwadon yawan matsi gwargwadon zafin da dutse ke buƙata kafin ya narke.

Matsin nan har tsarin ma'adinai yake sauyawa. Saman mantil yawancinsa koren ma'adini ne mai suna olibin. A zurfin kilomita 410 sai ƙwayoyin zarransa su sake jeri su ƙara matsuwa, a kilomita 660 su sake wani jerin. Igiyoyin girgiza suna ƙara gudu farat ɗaya a waɗannan wurare biyu, ta haka aka gane su. Ma'adinin da ya mamaye ƙasan kilomita 660 shi ne ya fi kowane ma'adini yawa a duniya, sama da kashi ɗaya cikin uku na girmanta, amma sai a 2014 ya samu suna a hukumance, birijmanait, bayan an gano ɗan ƙwayarsa a cikin wani dutse da ya faɗo daga sararin samaniya a Ostireliya.

To daga ina narkakken dutsen aman wuta yake fitowa?

Daga wasu keɓaɓɓun wurare a saman mantil inda sharaɗin daskarewa ya karye. Hanya ta farko ita ce raguwar matsi: dutse mai zafi yana tasowa sama a hankali, nauyin da ke kansa ya ragu, wani ɓangarensa ya narke ba tare da an ƙara masa zafi ba. Haka ke faruwa a jerin tsaunukan da ke tsakiyar tekuna, masu tsawon kilomita kusan 65,000, da kuma ƙarƙashin Hawai da Aisland. Hanya ta biyu ruwa ne. Idan ƙasan teku ya nutsa cikin mantil yana tafiya da ruwa a jikin ma'adinansa, ruwan kuma yana rage zafin da dutse ke buƙata kafin ya narke. Duwatsu masu aman wuta na Indunusiya da Japan da tsaunukan Andes duk ta wannan hanya suke samun abin amayarwa.

Ko kusa narkakken dutsen nan bai fito daga ƙwayar duniya ba. Yawancinsa daga kilomita 200 na sama yake.

Idan mantil daskararre ne, ta yaya ake cewa yana gudana?

Sirrin yana cikin lokaci. Dutse mai tsananin zafi, idan aka buge shi farat ɗaya kamar yadda girgiza ke yi, tauri yake nunawa. Idan kuwa aka danne shi shekara dubbai, sai ya riƙa lanƙwasa yana matsawa ba tare da ya karye ko ya narke ba. Gudun nasa santimita kaɗan ne a shekara, kwatankwacin yadda farcen mutum ke tsirowa. Mai zafi yana tasowa, wanda ya huce yana nutsewa.

Ana ganin shaidar wannan da ido. A zamanin ƙanƙara na ƙarshe, tulin ƙanƙara mai kaurin kilomitoci ya danne arewacin Kanada da Sikandinabiya a arewacin Turai har ƙasa ta lotsa. Ƙanƙarar ta narke dubban shekaru da suka wuce, amma har yau yankin Hudson Bay a Kanada da gaɓar Suwidin da Finland suna tasowa da kusan santimita ɗaya a shekara, saboda mantil yana komawa gurbinsa a hankali.

A nan ne ake samun wani rabon na daban, wanda ya dogara kan tauri ba kan sinadari ba. Ɓawo tare da ɓangaren mantil na can sama mai sanyi sun haɗu sun zama sashe guda mai tauri, kaurinsa wajen kilomita 100. Shi ne ya tsattsage ya zama manyan faya-fayan da ke ɗauke da nahiyoyi da tekuna. Ƙarƙashinsa akwai sashe mai laushi da yake ba su damar zamewa. Girgizar ƙasa mafi zurfi ba ta cika wuce kilomita 700 ba, kuma tana aukuwa ne a cikin faifan da ya nutsa bai gama ɗaukar zafi ba.

Ta yaya aka san ƙarfe ne a ƙwaya?

Hujjoji uku ne suka haɗu. Na farko nauyi. A 1798 Henry Cavendish ya yi gwajin da ya nuna cewa duniya a dunƙule ta ninka nauyin ruwa mai girmanta kusan sau 5.5. Duwatsun da ke sama kuwa sau 2.7 zuwa 3 kawai suke ninka shi. Dole ke nan akwai wani abu mai nauyi ƙwarai a ciki da ya cike giɓin, kuma lissafi ya nuna tsakiyar duniya ta ninka ruwa kusan sau 13. Na biyu, duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya, waɗanda ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su ne. Wasunsu ƙarfe ne da nikel zalla, ɓaraguzan ƙwayoyin ƙananan duniyoyin da suka tarwatse. Na uku, gwaji a ɗakin bincike: ana matse ɗan ƙwayar ƙarfe tsakanin tsinin daimon biyu, a gasa shi da hasken leza, a auna yadda yake a irin matsin da ke can ciki, sai a ga ya dace da abin da igiyoyin girgiza suka nuna.

Ƙarfen ba zalla ba ne. Ƙwaya ta waje ta gaza nauyin tsantsar ƙarfe da wajen kashi 10 cikin 100, abin da ke nuna akwai sinadarai marasa nauyi da suka gauraya da shi, irin su farar wuta da oksijin da silikon.

Me ya sa ƙwaya ta ciki ta daskare alhali ta fi ko'ina zafi?

Matsi ne dai. Zafin wurin yana tsakanin digiri 5,000 da 6,000, kusan daidai da fuskar rana. Amma matsin ya ninka na iskar da muke shaƙa sau miliyan 3.3 zuwa 3.6, kuma a irin wannan matsi ƙarfe ba ya samun sararin narkewa. A ƙwaya ta waje matsin bai kai haka ba, sai zafi ya rinjaya. Yayin da duniya ke hucewa, narkakken ƙarfe yana daskarewa a jikin ƙwaya ta ciki, tana ƙara kauri da kusan milimita ɗaya a shekara.

Daga ina wannan zafi ya samo asali, kuma zai ƙare?

Tushensa biyu ne. Akwai tsohon zafi da ya rage tun lokacin da duniya ta haɗu, sa'ad da duwatsu suka yi ta karo da juna, ƙarfe mai nauyi kuma ya nutsa zuwa tsakiya. Akwai kuma zafin da sinadarai masu rugujewa da kansu suke fitarwa har gobe, wato yuraniyom da toriyom da wani nau'in potasiyom, waɗanda suke cikin ɓawo da mantil. Kowanne yana ba da kusan rabi. Jimillar zafin da ke fita daga cikin duniya ta kai terawat 47, wato wat tiriliyan 47.

Zai ragu, amma ba a lokacin da ya shafi wani mai rai a yau ba. Dutse ba ya sakin zafi da sauri, ana maganar biliyoyin shekaru ne.

Mene ne amfanin ƙwayar duniya ga wanda ke zaune a sama?

Ita ke samar da maganaɗisun duniya. Kada a ɗauka wani ƙaton maganaɗisu ne aka binne a ciki, domin ƙarfe yana rasa wannan ƙarfi da zarar zafinsa ya wuce digiri 770. Motsi ne ke haifar da shi. Narkakken ƙarfen ƙwaya ta waje ba shi da kauri, yana gudana da sauƙi, yana tafiyar kilomita gommai a shekara. Zafi yana tayar da shi, juyawar duniya tana murɗa shi, kuma ƙarfe mai ɗaukar lantarki idan yana motsi haka yana haifar da maganaɗisu mai ciyar da kansa. Daskarewar ƙwaya ta ciki ma tana taimakawa, domin tana sakin zafi da sinadarai marasa nauyi da ke ƙara tayar da gudanar.

Wannan maganaɗisu ne yake karkatar da yawancin ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki da rana ke fesowa, shi ne kuma allurar kamfas take bi. Tunda daga abu mai gudana ya fito, ba ya zama wuri ɗaya. Arewar maganaɗisu, wato wurin da allurar kamfas ke nunawa, ta bar arewacin Kanada ta nufi Saiberiya, a wasu shekarun tana cin fiye da kilomita 50. Arewa da kudu sun sha musayar wuri a tarihin duniya, na ƙarshe shekara kusan 780,000 da suka wuce, kuma duwatsun ƙasan teku sun adana wannan tarihi layi-layi.

Wane rami ne ya fi zurfi, kuma me ya hana a ci gaba?

Ramin Kola ne, a arewa maso yammacin Rasha. Tarayyar Sobiyet ta fara haƙa shi a 1970, ya kai mita 12,262 a 1989, faɗin bakinsa santimita 23 kacal. An yi tsammanin zafin digiri 100 a ƙasansa, sai aka tarar da 180. Dutsen ya soma laushi yana neman rufe ramin, aikin ya tsaya a 1992. Ko rabin ɓawon wurin bai ratsa ba. Amma ya koyar da darasi: an samu ruwa a zurfin da ba a zata ba, kuma shimfiɗar basal da aka yi hasashe a wajen kilomita 7 ba ta bayyana ba. Ina ganin wannan abin tunawa ne ga duk mai karanta taswirar cikin duniya, cewa igiyar girgiza gudu take aunawa, fassara gudun zuwa sunan dutse aikin mutum ne.

Inda mutum da kansa ya fi nutsawa shi ne mahaƙar zinariya ta Mponeng a Afirka ta Kudu, kusan kilomita 4, inda dutse ke kai digiri 60, sai an yi ta sanyaya wurin kafin a iya aiki.

An taɓa riƙe dutsen mantil a hannu?

An taɓa, domin duniya da kanta take fito da shi. Aman wuta yakan taho da gutsattsarin koren dutsen mantil. A tsaunukan Oman akwai wani babban yanki na tsohon ƙasan teku da aka tunkuɗo kan tudu, har mutum na iya taka iyakar Moho da ƙafarsa. A 2023 jirgin bincike JOIDES Resolution ya haƙo dutsen mantil mai tsawon mita 1,268 daga ƙasan Tekun Atalantika, a wurin da mantil ya taso kusa.

Daimon ya fi su duka zuwa daga nesa. Yawancinsa yana samuwa a zurfin kilomita 150 zuwa 200, kaɗan kuma daga ƙasa da haka sosai, kuma yakan kulle ɗan ƙwayar ma'adini a cikinsa ya taho da shi yadda yake. A 2014 aka ba da rahoton wani daimon daga Juina a Brazil mai ɗauke da ma'adinin da ke samuwa tsakanin kilomita 520 da 660, kuma wajen kashi 1.5 cikin 100 na nauyin ma'adinin ruwa ne. Daga nan labarin "teku a ƙarƙashin ƙasa" ya bazu. Ba teku ba ne da za a yi iyo a ciki. Ruwan a ɗaure yake cikin ginin ma'adinin, dutsen kuma busasshe ne a taɓawa.

Hawa-hawan nan a daidaice suke kamar yadda ake zana su?

A zane kawai. Na'urori sun yawaita, kwamfuta ta ƙara ƙarfi, yanzu ana haɗa bayanan girgiza masu ɗimbin yawa a fitar da hoton ciki, kamar yadda ake ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti. Hoton ya nuna tsofaffin faya-fayan ƙasan teku da suka nutsa, wasu sun maƙale a wajen kilomita 660, wasu sun zarce har gindin mantil. Ya kuma nuna manyan tuddai biyu zaune a kan ƙwaya, ɗaya ƙarƙashin Afirka ɗaya ƙarƙashin Tekun Fasifik, kowanne faɗinsa dubban kilomita, inda igiyar S take rage gudu. Na Afirka ya tashi sama fiye da kilomita 1,000 daga iyakar ƙwaya. Ita ma ƙwaya ta ciki ba iri ɗaya take ta kowace fuska ba: igiyar da ta bi ta daga arewa zuwa kudu tana riga wadda ta ratsa ta daga gabas zuwa yamma fitowa.